Bonga Da Takin Da Koguna Ke Kaiwa Teku

Ba a kama bonga da ƙugiya. Ko wace irin tana aka saƙala masa ba zai kula ba, don shi ba ya cizo, ba ya kuma bin wani kifi da gudu. Cin abincinsa shi ne ya buɗe baki ya yi ta iyo, ruwa na shiga ta gaba yana fita ta gefen kai, abin da ke cikin ruwan yana taruwa a maƙogwaro. Haka zai yi sa'o'i, shi da dubban 'yan'uwansa a garke ɗaya. Shi ya sa masuntan Akwa Ibom da Kuros Riba da Ribas sai da raga suke samunsa. Su kewaye garken daga cikin kwalekwale, mata su banda shi a kan wuta, 'yan kasuwa su ɗure shi a kwanduna, mota ta hauro da shi har Jos. Daga Taminus zuwa kasuwar Bukur za ka gan shi a kasa-kasa a kan tebur. Iyayenmu mata na sayensa saboda araha da ƙamshin da yake ba miyar kuka da gwate, suna kuma mitar yawan ƙayarsa.

A lissafin kasuwa bonga kifin talaka ne, bai kama ƙafar tarwaɗa ko giwan ruwa ba. A ruwan da ya fito kuwa, da wuya a sami kifin da ya kai shi aiki. Masana sun daɗe suna jayayya a kan irinsa. Wasu na cewa shi ne mai share ruwa, duk dattin da mutane suka zuba zai tace. Wasu na cewa ƙara dagula ruwan yake yi. A fahimtata kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Takin da koguna ke kawowa, wanda ke shiga bakin bonga a jikin ƙananan halittun da yake tacewa, ba ya ɓacewa, rabuwa yake yi gida uku: wani ya koma cikin ruwa nan take, wani ya sauka ƙasan laka, wani ya zama tsoka da ƙaya ya bar wurin. Yadda rabon nan ya kasance yana da hannu sosai a kan ko bakin kogi zai ciyar da masunta ko zai ruɓe.

Mazauninsa shi ne mahaɗar kogi da teku. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, kuma koguna ne ke ta ɓullowa a tsawonta: Kuros Riba a ƙasan Kalaba, Kwa Ibo, Imo, Andoni, Bonny, Brass, Nun, Forcados, Escravos, sai tafkin Legas da ke haɗe da teku ta mashigar jiragen ruwa. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na kogi kusan babu, na mahaɗa kuma yana tsakani. Yana canzawa sau biyu a rana yayin da teku ke cikowa yana janyewa, yana kuma canzawa tsakanin damina da rani. Kifaye da yawa ba sa jure wannan juyi, bonga kuwa yana jurewa ƙwarai. Ana samunsa tun daga Dakhla a Yammacin Sahara har Lobito a Angola. A Sine-Saloum ta Senegal, inda fari ya sa gishirin ruwa ya ninka na teku fiye da sau biyu, an same shi yana rayuwa, sai dai ba ya yin girman kirki.

Abinci ne ke riƙe shi a nan. Kogi na saukowa da duk abin da ya wanko daga gonaki da dazuzzuka da kwatocin birane: naitirojin da fosfaras, wato N da P ɗin nan da ke rubuce a buhun kamfa, da kuma silika da ruwa ya narkar daga duwatsu. Waɗannan su ne takin filankiton, ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa, inda ruwa ya nufa can su ma suke nufa. Akwai na tsiro, masu haɗa abincinsu da hasken rana, akwai na dabba, masu cin na tsiron. Cikin na tsiro wanda bonga ya fi dogara da shi shi ne dayatom, ƙwaya guda tak da ke zaune cikin ƙoƙon silika, wato gilashi, mai ɓari biyu da ɗaya ke shiga cikin ɗaya. In taki da haske sun wadata, dayatom na iya rabewa biyu a yini, gobe su zama huɗu, jibi takwas. Da damina kogunan kudu na saukowa jajur da laka, haske ba ya ratsawa, taki na nan jibge amma ba a cin moriyarsa sosai. Rani na shigowa ruwa ya lafa, gishiri ya matso ciki, dayatom ya yawaita. Kakar bonga a gaɓar Najeriya ma a rani take, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu.

Mai son ganin abin da ke yin tatar ba sai ya je Kalaba ba. Ka ɗauki bandar bonga ɗaya kafin a ɓare ta a zuba a miya, ka sa farce ka ɗaga murfin da ke gefen kansa. A ƙarƙashi akwai wasu ƙasusuwa masu lanƙwasa. Ta bayansu ne jan naman da kifi ke numfashi da shi yake, wanda hayaƙi ya riga ya mayar baƙi. Ta gabansu, ɓangaren da ke kallon cikin baki, za ka ga siraran tsinkaye jere reras, a matse da juna, sai ka ɗaga su ga haske kafin ka ga tsakaninsu. Yawanci wannan wurin uwargida ke tsinkewa ta jefa wa kyanwa. A jikin giwan ruwa, mai haɗiye kifi sukutum, tsinkayen 'yan kaɗan ne kuma a warwatse. Na bonga tsawonsu ya kusan ninka jan naman sau uku, na sama sun lanƙwashe sun yi kusurwa, kuma yawansu na ƙaruwa yayin da kifin ke girma.

An daɗe ana ɗaukar cewa aikinsu irin na ƙyallen tatar gasara ne, ruwa ya bi ta ƙofofi, dusa ta tsaya. Amma duk wadda ta taɓa tatar gasara ta san ƙyalle na toshewa, sai an dakata an matse an kakkaɓe. Kifin nan kuwa yana sa'o'i baki buɗe bai tsaya ba. Ban da haka, akan sami ƙwayoyi a cikin irin waɗannan kifaye da suka fi ƙofofin ƙanƙanta, waɗanda ya kamata a ce sun zurare. A 2001 Laurie Sanderson da abokan aikinta a jihar Virginia ta Amurka suka zura siririyar kyamara cikin bakin kifaye masu tata suna tsakiyar cin abinci, ciki har da wani ɗan'uwan bonga na kogunan Amurka da wani nau'in karfasa na gabashin Afirka. Abin da suka gani shi ne, ruwan ba ya dukan tsinkayen gaba da gaba. A kwance yake bin samansu da gudu zuwa maƙogwaro, yana tsiyayewa ta gefe kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin abincin na ci gaba da tafiya baya cikin ruwan da ke ta raguwa yana kauri, yawancinsu ba su ma taɓa tsinkayen ba. Gudun ruwan da kansa ke hana toshewa. A can ƙarshen maƙogwaro, kifaye da yawa na wannan dangi suna da 'yan aljifai biyu ta sama, inda ƙwayoyin ke taruwa su cuɗu da yauƙi su zama loma kafin a haɗiye. Bargin da masuntanmu ke kamawa a Binuwai da tafkin Cadi shi ma yana da irin wannan gaɓa, tasa a murɗe take.

Bayan an haɗiye, sauran aikin shi ne fasa ƙwayar, kuma nan ne wuyar take. Abin da kifi ke nema, furotin da mai, a kulle yake cikin ƙoƙon gilashi ko cikin bango mai tauri. Hanya biyu kifaye suka bi. Bonga da danginsa, da kuma kifin mullet mai tsotsar laka, niƙa suke yi: ƙarshen tumbinsu ya yi kauri ya zama ƙundu, tsoka zalla, yashin da ke shiga tare da abinci kuma yana taya niƙan. Bayan ƙundun akwai ɗimbin siraran jakunkuna a farkon hanji da ke ƙara faɗin wurin tsotse abinci, sai hanjin kansa a nannaɗe. Karfasa kuwa asid ta dogara da shi. A farkon shekarun 1970 David Moriarty ya yi bincike a tafkin George na Yuganda, wanda ruwansa ya yi kore shar da wata gansakuka mai shuɗi-kore da a lokacin ake ganin kifi ba ya iya narkarwa. Ya gano cewa tumbin karfasa na yin tsami har pH, ma'aunin da ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da 2, kuma tsamin nan ne ke fasa ƙwayoyin. Abin da ya fi burge ni a binciken nasa shi ne lura da ya yi da kashin kifin. Da sassafe, lokacin da karfasa ta fara ci, asid bai taru ba tukuna, sai abincin farko ya wuce ba a narkar ba, kashin ya fito kore. Sai rana ta ɗaga yake komawa ruwan ƙasa, alamar narkewa ta kankama.

Koren kashin nan yana nuna cewa ba duk abin da ya shiga cikin kifi ke mutuwa ba. Wasu nau'o'in gansakuka, musamman masu lulluɓe da yauƙi, suna ratsa hanji su fito da ransu, har ma sun sha taki a hanya. An ga haka a kifin menhaden, takwaran bonga a gaɓar Amurka ta tekun Atilantika. Ke nan kifin na iya kashe dayatom, wanda shi ne abincin kirki ga kowa a ruwan, ya bar gansakukar da ba a so, alhali cikinta akwai masu fitar da guba.

Menhaden aka fi yi wa bincike cikin dangin, don haka alƙaluma daga gare shi suka fi fitowa. Babba ɗaya na iya tace fiye da lita goma na ruwa a minti. Ann Durbin da Edward Durbin, da suka yi aiki a mashigin Narragansett a shekarun 1970 da 1980, sun ajiye shi a manyan tankuna, suka ba shi dayatom, suka auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Hanjinsa ya tsotse fiye da kashi 90 cikin ɗari na naitirojin ɗin da ke cikin abincin, wanda ya nuna ƙundun na aiki da gaske. To amma kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ya ci ya sake fitarwa cikin ruwa, galibi a matsayin amoniya. Kifi ba ya buƙatar sarrafa amoniya ya tara ta kamar yadda jikinmu ke yi, ta wurin numfashinsa take fita kai tsaye. Amoniya kuwa ita ce naitirojin ɗin da filankiton ya fi saurin sha. Saboda haka garke zai ratsa wuri ya share dayatom, ya bar ruwa mai taki a bayansa, kafin kwana biyu sabon tsiro ya taso. Naitirojin da zai jira ƙwaya ta tsufa ta mutu ta ruɓe kafin ya kuɓuta, ga shi ya dawo cikin sa'o'i. A ruwan daɗi fosfaras ne yawanci ke fara ƙarewa, a ruwan gishiri da na mahaɗa kuwa naitirojin ne, don haka wannan saurin juyi ba ƙaramin abu ba ne. Taki ɗaya zai yi aiki sau da yawa kafin janyewar teku ta tafi da shi.

Kaso na biyu ƙasa yake yi. Ƙwayar filankiton ita kaɗai a hankali take nutsewa, sau da yawa ba ta wuce mita ɗaya a yini, kuma kafin ta kai ƙasa ruwa ya riga ya kwashe ta. Amma in aka dunƙule dubbai cikin kashin kifi, ga fasassun ƙoƙunan silika ga yashi, sai ta yi nauyi. An auna kashin kifin anchovy a gaɓar Kalifoniya yana nutson ɗaruruwan mita a yini. A mahaɗar da zurfinta bai wuce 'yan mitoci ba, minti kaɗan ya isa. A can laka, tsutsotsi da jatan lande da ƙaguwa su ci rabonsu, bakteriya su kama saura. Kuma a nan ne naitirojin ke da ƙofar fita ta gaskiya. Saman lakar akwai siririn fegi mai iskar oksijin, ƙarƙashinsa babu. A fegin sama wasu bakteriya ke mayar da amoniya naitiret, a na ƙasa wasu su mayar da naitiret iskar naitirojin, ta tashi ta koma sararin sama inda ta fito. Sai matakan biyu sun haɗu abin ke yiwuwa. In abin da ke zubowa daga sama ya yi yawa, ruɓewarsa ta cinye oksijin ɗin fegin sama, matakin farko ya tsaya, ƙofar ta rufe. Daga nan amoniya da fosfaras su fara tsattsafowa daga laka suna komawa ruwa, gansakuka ta ƙara samun abinci. Aikin da kifi ke yi bai canza ba, nauyin da aka ɗora wa ruwan ne ya mayar da amfaninsa illa.

Kaso na uku shi ne wanda ya zauna a jikin kifin. Tun 1934 Alfred Redfield ya nuna cewa filankiton na teku na ɗauke da kabon da naitirojin da fosfaras a kan ma'auni kusan guda, wanda daga baya aka tsayar a 106 da 16 da 1. Jikin kifi bai bi wannan ma'auni ba, domin da kalsiyam da fosfaras aka gina ƙayarsa da ɓawonsa. Kifin da ke girma yana riƙe fosfaras sosai, abin da yake mayarwa ruwa kuma ya fi karkata ga naitirojin, wannan kuma na taɓa irin filankiton da zai yi rinjaye. Sannan kifi na da abin da filankiton ba shi da shi, wato yana zuwa inda ya ga dama. Linda Deegan ta lissafa a 1993 cewa a mahaɗun Louisiana, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na duk abin da tsirran ruwan suka samar a shekara yana fita teku ne a jikin ƙananan menhaden da suka girma a ciki suka yi ƙaura. Rayuwar bonga ma haka take: ƙananan na girma a rafuka da cikin dajin mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, manyan na fita bakin teku, inda manyan kifaye da tsuntsaye ke jiransu, da kuma masunci. Abin da masunci ya kama ya bar ruwan ke nan har abada, kuma shi ne ke isowa tukunyarmu. Shi ya sa nake ganin matan da ke daka bandar bonga da ƙayarta su zuba garin a miya ko a abincin yaro sun fi mu dabara, don kalsiyam da fosfaras ɗin a ƙayar suke.

A mashigin Chesapeake, mahaɗa mafi girma a Amurka, an gwada tunanin nan na cewa kifi zai share ruwa. Takin gonaki da kashin kajin gidajen gona da ruwan kwatar birane sun yi wa wurin yawa, masu fafutuka suka riƙa cewa in aka daina kama menhaden ruwa zai washe. A 2010 masu bincike a cibiyar nazarin teku ta Virginia suka auna. Sun sami cewa ƙananan menhaden da ba su kai shekara ɗaya ba ne ke cin filankiton na tsiro sosai, manyan sun fi karkata ga na dabba. Da aka cire amoniyar da suke mayarwa, abin da suke ragewa ɗan kaɗan ne in an gwada da abin da koguna ke zubowa. Akwai kuma batun girman ƙwaya. Babban menhaden ba ya riƙe abin da bai kai maikuromita 13 ba, ƙaramin na iya riƙe har na wajen 7, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin da suka fi haka ƙanƙanta suna wucewa lafiya, ga amoniya sun samu, ga kuma kifin ya cinye filankiton na dabba da ke cin su. Ban ɗauki wannan sakamako a matsayin rage darajar kifin ba. Abin da ya nuna shi ne babu garken da zai iya ɗauke dattin birni guda, dole a tare shi tun daga inda yake fitowa.

Mu a Jos muna da ƙaramin misalin wannan a bakin ƙofa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda 'yan lambu ke jan ruwa daga cikinsu da injin, wasunsu kan yi kore shar da rani saboda yuriya da kashin kaji da ke gangarowa daga kabeji da karas. Da rana ruwan cike yake da oksijin don gansakuka na aiki. Da dare ita ma numfashi take yi, bakteriya na yi, kifi na yi. Gab da asuba iskar ta ƙare, sai a wayi gari karfasa na saman ruwa tana hamma, wata ta juya ciki sama. Mai lambu zai ce maka, "Malam, ai guba aka sa musu." Sau da yawa ba wanda ya sa komai, taki ne ya yi yawa. A gonar kifi ta Panyam, wadda ke nan tun shekarun 1950, da ma sauran masu kiwon kifi a tafki, da gangan ake zuba taki don filankiton ya fito kifi ya ci, gwanintar kuma ita ce sanin inda za a tsaya. Inda ba a tsaya ba shi ne bakin kogin Mississippi, wurin da a 2017 yankin da oksijin ya ƙare a ƙasan teku ya kai murabba'in kilomita 22,700.

Dangantakarmu da ruwan bonga ba ta tsaya ga kasuwa ba, domin a kan tudun nan koguna ke tasowa. Kogin Kaduna daga wajen Vom ya faro, ya bi ta Shiroro ya faɗa kogin Kwara. Gongola ta gabashin tudun ya sauka, ya haɗu da Binuwai a Numan. Duka biyun a Lakwaja suke gamuwa su nufi Neja Delta. Dilimi ne dai ya juya baya, ya bi ta Jama'are ya nufi tafkin Cadi. Yuriyar da manomin dankalin turawa a Bokkos ko Mangu ke watsawa kuwa, daga bakin tekun ta fito, daga masana'antun Eleme da Onne da Lekki, inda ake kamo naitirojin daga iska da taimakon iskar gas. A duniya baki ɗaya, shuka ba ta shan ko rabin naitirojin ɗin da ake zuba mata, saura iska ko ruwa ke ɗauka. Ba na ɗora wa manominmu laifi a nan. Takin da muke amfani da shi bai ma kai kilo 50 a kowace hekta da shugabannin Afirka suka sa a gaba a taron Abuja na 2006 ba, kuma mafi yawan abin da ya zurare daga nan fadamu da madatsun ruwa ke tsare shi a hanya. Kwatocin Legas da Fatakwal da ke zuba kai tsaye sun fi kusa, sun kuma fi nauyi.

Madatsun ne ma suka fi ba ni tunani. Kainji tun 1968, Jebba, Shiroro a 1990, yanzu ga Zungeru, ga Lagdo a Kamaru a kan Binuwai. Duk inda ruwa ya tsaya, laka na kwantawa, dayatom na ruwan daɗi ya sha silika ya nutse da ita. Birane da gonakin da ke ƙasan madatsa suna sake ƙara wa kogin naitirojin da fosfaras, amma ba mai ƙara masa silika. An ga sakamakon haka a Bahar Aswad bayan an datse kogin Danube a farkon shekarun 1970: silika ta ragu, dayatom ya ja baya, nau'o'in da ba sa buƙatar ƙoƙon gilashi suka yi yawa. Ga kifin da tsinkayensa da ƙundunsa duk don dayatom aka yi su, wannan sauyi ya shafi abincinsa kai tsaye.

Ga kuma matsin da ke kan kifin kansa. Dajin mangurof na Neja Delta, mafi girma a Afirka, inda ƙananan ke fakewa, ana sare shi don itacen banda kifin. Wani nau'in kwakwar ruwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana mamaye gurbinsa, kuma saiwarsa ba ta ba kifi mafaka irin ta mangurof. Malalar ɗanyen mai, irin wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya bayyana, ta fi cutar da kifin da dole ya bi da ruwa ta bakinsa yini guda. A Muritaniya da Senegal da Gambiya kuma masana'antun garin kifi sun buɗe, suna saye bonga da sadin suna niƙawa don abincin kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya, kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Wani rahoto na Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ƙiyasta abin da ake kwashewa daga yankin ya haura tan rabin miliyan a shekara.

Amurkawa ma sai a 2020 hukumar da ke kula da kamun kifi a jihohin gaɓar Atilantika ta fara yanke yawan menhaden da za a kama bisa la'akari da abin da za a bar wa sauran halittun ruwa, maimakon lissafin kifin shi kaɗai. Mu har yanzu tan nawa aka kama muke ƙirgawa. Cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas tun 1975 da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Kalaba suna da mutanen da za su iya aikin. Abin da nake so a ba su kuɗinsa shi ne awo na wata-wata, shekara da shekaru, a manyan mahaɗu uku ko huɗu: naitirojin da fosfaras da silika da oksijin na ƙasan ruwa, tare da tsawon bongar da ake saukewa a bakin gaɓa. Kafin a kai ga haka, abin da za a iya farawa da shi shi ne girman idon raga a cikin rafuka, domin ƙananan da ake kwashewa a can suna tsawon yatsa su ne masu tace ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta, su ne kuma da an bar su za su ɗauki takin mahaɗa a jikinsu su fita da shi teku.